Amfiya Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe takwas da kwata, Milwaukee ta ja mayafi.
Ƙanƙara na sauka kan titin Wells ba ko tari,
ni kaɗai a hawa na huɗu,
ni da hitar ofis mai numfashin tsoho.
Gobe da hantsi zane zai tafi ga masu duba gini,
ga jadawalin akwatin wutar asibitin haƙori
ya ƙi haɗa baki da ni.

Na bi zane da fensir, kaya bayan kaya:
ɗari da tamanin da biyu.
Manhaja ta ce ɗari da casa'in da uku,
ta kafe.
Amfiya goma sha ɗaya ke tsakaninmu,
kamar canjin da ya maƙale a aljihun ɗan aike.

Na fara da zargin fitilu.
Su ake ƙara wa rubu'i, don ba sa hutu;
an ƙara, daidai.
Soket kuwa, in an wuce dubu goman farko,
rabin saura ake ɗauka; an ɗauka.
Na rufe manhajar, na buɗe,
na ce ta sake lissafi, ta sake,
ta miƙo mini amsar ɗazu da fuskar shanu.

Marisela ta shigo da injin shara.
Ta dubi allon, ta dube ni,
ta ɗauke kofin shayin da ya mutu tun la'asar,
ba ta ce komai ba, na gode mata.

Sai na tuna Oga Tanimu na Kakuri,
mai gwada layi da ƙwan fitila da wayoyi biyu.
Ranar da na ƙona masa mita bai yi faɗa ba.
Cewa ya yi, Zulai, wuta ba ta iya ƙarya,
mai ƙirga ne ke gyangyaɗi.

To.
Ƙafa uku ke ɗauke da akwatin nan,
kamar duwatsun murhu.
In ɗaya ya nutse, tukunya za ta karkace,
amma tukunyata zaune take daram.
Ashe ɓarawon da ƙafa uku yake tsaye,
ya ci nan, ya ci nan, ya ci can,
shi ya sa ba wanda ya yi ƙara.

Layi arba'in da biyu, na bi su da yatsa,
ina tsallake masu ƙafa ɗaya.
Talatin da bakwai: kwampreson iska.
Takardar kamfani ta ce sha ɗaya.
Jadawali ya ce ashirin da biyu.

A watan Oktoba likita Halvorsen ta ce
ƙararsa za ta firgita yara,
a sauke shi ɗakin ƙasa.
An sauke.
Sai dai wanda ya sauke kwafa ya yi, bai ɗauke ba.
Na kunna abin da aka ɓoye daga ido,
ga tsohon nan a bayan bangon ɗaki na uku,
ba ya cikin kowace takarda,
yana shan wuta wata biyu a ɓoye
kamar baƙon da aka yi wa rakiya
ya zagayo ta ƙofar baya.

Na buɗe tarihin gyara, ina wasa wuƙa,
na riga na shirya abin da zan gaya wa Pruszynski.
Sha huɗu ga Oktoba, ƙarfe biyar saura.
Z. Gwadabe.

Na yi dariyar da ta sa Marisela kashe injinta.

Dannawa ɗaya.
Ɗari da tamanin da biyu.
Fensir da kwamfuta suka gaisa.

A tashar bas safar hannuna ta jiƙe.
Tsallaken titi akwai gini duk tagoginsa a kunne,
na kama kaina ina ƙirgawa,
na kai sha tara, motar ta zo.